Uku Cikin Goma

Ranar Juma'a ce ranar muryarsa. Da na dawo daga masallaci, kafin in cire jallabiya, kafin ma in ɗora ruwan shayi, sai in tarar da saƙon ɗan wana yana jirana a waya. Minti ɗaya ne, wani lokaci da rabi. "Baffa, ina wuni. Ina lafiya. Na ci abinci. Mama tana gaishe ka." Ko da safe ya yi saƙon, ina wuni zai ce. Hausar wanda aka haifa a Amurka ce, a karkace take fitowa, yakan mai da mace namiji, namiji mace. Ban taɓa yi masa gyara ba, domin muryar ta mahaifinsa ce sak, har da ɗan kakin nan da yake yi kafin ya fara magana.

Wana ya tafi Amurka karatu ina ƙarami, ya yi aure can, ya rasu can, aka binne shi can. Ban ga gawarsa ba, ban san kabarinsa ba. Abin da ya bar mini a duniya shi ne wannan minti ɗaya na ranar Juma'a.

A lokacin ina shekara ta tara a Alƙahira. Muna zaune mu huɗu a wata shaƙƙa, wato sashen haya a bene, a unguwar Hayyus Sabi', hawa na biyar, ba lif, tagarmu tana kallon shanyar maƙwabta. Digiri na uku na zo yi, amma risalata, kundin bincikena, ta maƙale a hannun mushrif, malamin da ke duba aikina, kamar ƙaya a maƙogwaro. Yaran da na tarbo daga filin jirgi na koya musu hawan mikrobas, ƙananan motocin hayar garin, sun gama sun koma gida, wasu har sun yi 'ya'ya. A gidan ana kirana Dakta, a bayan ido kuwa Dakta mai jiran gado. Na sani, don Bazazzagin da muke ɗaki ɗaya ba ya iya ajiye magana a bayan ido, a gabana yake faɗa. Ni Bakano ne, don haka yana da lasisin tsokanata, yana kuwa amfani da shi safe da yamma. Daga gida kuma kullum tambaya ɗaya ce: yaushe za ka dawo? Har na kai ina ganin lambar gida sai gabana ya faɗi.

Cikin wannan hali ne wata Juma'a saƙon ya zo da tsawo. Yaron, wanda a lokacin yake da shekara ashirin da biyu, ya haɗa Hausa da Turanci yana haki don murna. Wata babbar ƙungiyar besbol ta ɗauke shi. Ba a babbar zai fara ba, in ji shi, akwai ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, hawa-hawa kamar tsani, a garuruwan da ba wanda ya san sunansu. Wanda ya yi kyau sai a ɗaga shi. Shi an ajiye shi a kusurwar farko, cikin kusurwoyi huɗu da ake zagayawa a filin, yana tsaye da ƙatuwar safar fata a hannu. In lokacinsa ya zo kuma ya ɗauki sanda, a jefo masa ƙwallo ya doka.

Da na yi shiru da bakina da yanzu ba wannan labarin nake rubutawa ba. Amma mutumin da ya shekara tara ba shi da wani abin nunawa, in aka miƙo masa abin alfahari ba ya iya haɗiye shi. Washegari muna karyawa da ful, dafaffen waken Masar, da burodi na faɗa musu. Na ƙara gishiri. Na ce saura ƙiris a fara nuna shi a talabijin.

Kafin azahar Bazazzagi ya buɗe guruf a waya. Kafin wata ya ƙare guruf ya cika da ɗaliban yankinmu na Madinat Nasr, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, har da waɗanda ban taɓa gani ba. A cikinmu babu wanda ya taɓa riƙe sandar besbol, mu 'yan ƙwallon ƙafa ne tun daga gidajen kallo na unguwa har zuwa ƙahwa, shagon shayin kan layinmu. Hakan bai hana mu komai ba. Ɗanmu ne, jininmu ne. Wani ya ce baɗi war haka yana sama. Wani ya ce ranar da za a yi hira da shi lallai ya sa hula zanna, duniya ta san daga inda ya fito. Wani ɗan Damagaram ya tsara masa kirari, dodon masu jifa, ginshiƙin kusurwar farko, aka riƙa turawa kowace safiya. Ni kuma na zama mutum. In na shiga masallacin unguwa ana matsa mini wuri a sahu, ana tambayata ya ɗanmu. Watanni suka wuce ba wanda ya tambaye ni risala. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Wasanninsu yawanci muna barci ake yi, don haka bayan sallar asuba muke duba sakamako. Akwai wani jadawali mai lambobi birjik da ba mu gane kansa ba, sai muka kama biyu da muka fahimta: sau nawa ya tsaya duka, sau nawa ya samu. Huɗu, ɗaya. Huɗu, ɗaya. Biyar, biyu. Uku, babu. Huɗu, biyu. Da farko mun ce sabon wuri ne, zai saba. Da aka yi wata biyu a haka, Bazazzagi ya ɗauko biro ya yi lissafi a bayan takardar burodi, ya turo mini gabana.

"Dakta, ka duba da kanka. A cikin goma uku yake samu."

Na duba. Haka ne.

"To kai malami ne. A kulliya, can jami'a, wanda ya ci uku bisa goma, me ake rubuta masa?"

Kowa a gidan ya san amsar. Mu mutanen mumtaz ne da jayyid jiddan, manyan darajojin jarrabawa; wanda ya samu maƙbul ma, wato ya haye da kyar, ɓoye takardarsa yake yi. Uku bisa goma sunanta rasib, wato ya faɗi warwas. A ƙwallon ƙafa ma ɗan gaban da zai zubar da bakwai cikin goma ai benci ne gidansa.

Wata Lahadi aka yi wasan da rana a can, ya faɗo mana bayan magariba. Muka taru kusan mu goma sha biyar a falo, muka ɗora kwamfuta a kan kwalin littattafaina. Hoton yana yankewa. Sai ga shi ya fito, dogo, kafaɗun mahaifinsa, tafiyar mahaifinsa. Idona ya cika da ƙwalla, na yi kamar hayaƙin turare ne. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda. Aka jefo, bai motsa ba. Aka sake jefowa, bai motsa ba. Haka ya tsaya yana kallon ƙwallo tana wuce shi, daga ƙarshe ya ajiye sandar ya taka a hankali zuwa kusurwar farko ba tare da ya doki komai ba. 'Yan kallon da ke filin, waɗanda ba su da yawa, suka tafa masa.

"Tausayinsa suka ji," in ji wani daga baya.

"Ko kuwa ba'a ce," in ji Bazazzagi. "Dakta, ma'alish, ka yi haƙuri, amma wannan tsoro ne. Ko Bakano a kasuwa ya fi haka zuciya."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na ga abin da ke hannuna yana shirin suɓucewa.

Mutanenmu ba sa ganin nasu cikin wahala su naɗe hannu. Guruf ya yanke shawarar a yi masa saukar Alƙur'ani. Aka raba izu-izu, aka sauke ranar Alhamis, wani mai murya ya yi doguwar addu'a aka naɗa. Sai aka ce ai ya kamata ya ji da kunnensa, ya san yana da jama'a a bayansa. Ni na ba da lambarsa. Ni da hannuna na sa shi a guruf ɗin, ban tambaye shi ba.

Daga ranar, duk safiyar da sakamako ya fito, saƙonni suke sauka a kansa kamar ruwan sama. Allah ya kawo sauƙi. Ma'alish ya akhi. Haƙuri, bayan wuya sai daɗi. Kada ka karaya, jarrabawa ce. Ranar da ya samu biyu cikin biyar, wadda daga baya na gane rana ce ta a yanka masa kaza, wani ya tura masa ayar haƙuri a kan musiba.

Juma'ar da ta biyo baya saƙonsa ya zo, muryar a rikice. "Baffa, ina wuni. Mutane suna ce mini haƙuri, haƙuri. Wani ya mutu?"

Ranar da ta gabata na je wurin mushrif. Na jira shi awa uku a baranda, ya fito ya miƙo mini babi na huɗu, wanda na sake rubutawa sau uku, ja-wur da jan biro, ya ce in dawo bayan hutu. Na kwana da wannan. Da na ji tambayar yaron sai duk abin da ke cikina ya taso. Na danna waya na yi magana ta kusan minti biyar, a hankali, da Hausa mai sauƙi don kada kalma ɗaya ta wuce shi. Na ce ba wanda ya mutu, amma mutane suna jin kunya a madadinsa. Na ce mahaifinsa bai taɓa zuwa na biyu a aji ba. Na ce a gidanmu ba a faɗuwa bakwai cikin goma a zo ana dariya. Na ce na gan shi da idona ya tsaya ƙwallo tana wuce shi, namiji ba ya haka, in an jefo maka ka doka. Na rufe da cewa ya sa na kasa ɗaga kai a cikin jama'a.

Na saurari abin da na faɗa kafin in tura. Na ji muryar babanmu a ciki, irin wadda ake yi mini daga gida. Duk da haka na tura.

Amsarsa daƙiƙa huɗu ce. "To, Baffa. Zan gyara."

Ya kuwa gyara. Lahadin da muka sake kallo, duk abin da aka jefo sai ya kai masa duka, na sama, na ƙasa, har wanda ya faɗi a turɓaya. Falo ya ɗauki sowa, aka ce yanzu ne jinin ya motsa. Sau huɗu ya fito, sau huɗu ya koma bai taɓa ƙwallo ba. Daga nan lambobin suka fara zamewa. Uku ta koma biyu, biyun ma ta fara rawa. Saƙon Juma'a ya ragu zuwa rabin minti, sannan ya koma "Baffa, ina wuni" kawai. Wata safiya muka ga ya fita daga guruf. Juma'ar wannan makon na dawo daga masallaci na tarar da waya wayam. Na zauna a bakin katifa da jallabiyata har la'asar. Na ce wa kaina aiki ne ya yi masa yawa. Juma'a ta biyu ma haka na ce.

A cikin waɗannan makonni ne aka gayyace ni suna a Hada'iƙul Ma'adi, gidan wasu Hausawan Sudan. Bayan an ci an sha, na samu kaina kusa da wani dattijo mai farin rawani, wanda kakanninsa suka bar ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka suka tsaya a hanya. Da hira ta yi hira ya ce mini aikinsa ban-ruwa da shara a wani fili a Ma'adi, inda 'ya'yan baƙi suke wasan besbol, ya fi shekara ashirin yana yi. Ya ce tun yana kallon abin kamar hauka har ya zo ya fi wasu iyayen gane shi. Sai na ciro waya. Ba shawara nake nema ba, abokin kuka nake nema. Na buɗe masa jadawalin watannin farko na ce, Baba, dubi abin da ɗan wana yake yi mana.

Ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya daɗe yana ja da yatsa.

"Wannan ɗanka ne?"

"Ɗan wana ne, Baba."

"Ya zol, bawan Allah, wannan ai gwani ne."

Na ɗauka bai ga lambobin da kyau ba. Na nuna masa, na ce uku fa cikin goma.

"Na gani. A wasan nan, ɗana, wanda ya riƙe uku cikin goma shekara da shekaru, shi ne ake rataya hotonsa a bango. Manyan da kake ji, bakwai suke zubarwa. Haka wasan yake, ba jarrabawar kulliya ba ce." Ya taɓa wani layi da ba mu taɓa kulawa da shi ba. "Ka ga wannan? Sau nawa ya ƙi dukan ƙwallon da ba ta zo daidai ba, har aka ba shi kusurwa kyauta. Wannan ido ne. Ba a koyar da shi, Allah ke bayarwa. Masu ɗaukar yara shi suke nema."

Na dafe kaina. Shi kuwa bai lura ba, ya samu mai sauraro. Ya ce mai tsaron kusurwar farko shi ne mai rufin asirin ƙungiya. Duk wanda ya tsinci ƙwallo shi yake jefowa, cikin gaggawa, a karkace, a ƙasa, a sama, shi kuma ya miƙe ƙafa ɗaya a kan kusurwa ya cafe. In ya cafe ba wanda zai san ɗan'uwansa ya yi jifan banza. Sai ya ja jadawalin zuwa watannin baya-bayan nan, ya tsaya, ya ɓata fuska.

"Nan kuma me ya same shi? Ya daina jira. Wani ya shiga kansa."

Ya miƙo mini wayar yana kallona, yana jiran amsa. Na ce Allah ne masani. Na ɓoye gaskiya a gidan suna, da bakina, da alwalata.

Ban san yadda na kai tashar metro ba. Na tuna dai ina tsaye a cikin jirgin, na riƙe ƙarfe, wani tsoho Bamisire ya tashi zai ba ni kujerarsa, don abin da ya gani a fuskata. Kafin in kai Hayyus Sabi' na tura saƙo uku. Na ce ɗana, Baffanka jahili ne. Na ce ban san wasan ba, ban tambaya ba, ka koma yadda kake, ka jira ƙwallonka. Na ce maganar mahaifinka da na yi ƙarya ce, ya sha zuwa na biyu, akwai shekarar da ya zo na tara aka yi masa bulala a gabana. Ba a buɗe ko ɗaya ba.

Na faɗa wa 'yan gidan abin da dattijon ya ce. Bazazzagi ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dube ni, ya rufe. Tun da na san shi ban taɓa ganin haka ba. Can ya ce, "Dakta, ni na yi lissafin nan." Na ce lissafinka daidai ne, ni ne na tura saƙon. Da labari ya kai guruf sai aka fara cewa a sake wata saukar, a naɗi saƙon ban-haƙuri kowa ya sa baki. Na ce wallahi duk wanda ya sake tura masa ko da harafi ɗaya ban yafe ba. Na sa aka rufe guruf ɗin a daren.

Bayan mako uku na daure na kira mahaifiyarsa. Ba ta jin Hausa, Turancina kuma na littafi ne, amma mun fahimci juna sarai. Ta ce an sauke shi mataki ɗaya. Ta ce masu horar da shi sun yi ta fama ya koma yadda yake, ya kasa, kamar wanda ake kora. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun yana ƙarami, duk daren Alhamis yake zama da littafin Hausar babansa yana haɗa abin da zai faɗa mini, wani lokaci ya naɗa sau goma kafin ya tura ɗaya. Ta ce ya ce mata ina jin kunyarsa. Na ce ba haka ba ne. Ta ce to me ka ce masa?

Ƙarshen kakar wasan aka sallame shi. Na sha gaya wa kaina cewa yara da yawa ake sallama a wannan tsanin, cewa mai yiwuwa da ma hakan za ta faru, masu jifa sun gano lagonsa, ko kafaɗa, ko wani abin da ban sani ba. Zai iya zama gaskiya. Ba ta taɓa sa ni barci ba.

Amsarsa ta zo bayan wata biyar, ranar Talata. A rubuce take, da Turanci, layi uku. Ya ce yana lafiya, ya samu aiki, da yamma yana koya wa yara wasan a unguwarsu. Ya ce ba sai na ba shi haƙuri ba, ya san alheri nake nufi. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Babu Baffa a farko, babu a ƙarshe. Na karanta a kan matakala, tsakanin hawa na uku da na huɗu, na zauna a nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka ce mini wana ya rasu.

Na kare risalata daga baya. An tafa, an yi hotuna, Bazazzagi ya cire mai jiran gado daga sunana. Ban koma gida ba tukuna, ina koyar da sababbin zuwa Larabci a wani ɗaki kusa da tashar mikrobas. Da za a ce in mayar da takardar digirin a ba ni ina wuni ɗaya da aka faɗa da safe, da ban tsaya sa takalmi ba.

Yanzu ni nake turawa. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci, kafin in cire jallabiya, nakan zauna a bakin katifa in yi minti ɗaya. Ɗana, ina wuni. Ina lafiya. Na ci abinci. Ka gaida Mama. Ba na tambayarsa komai. Ba ya amsawa, amma waya tana nuna wanda aka saurara, ni kuma na kasa hana kaina ƙirgawa. A cikin goma yakan buɗe kamar uku. Na san darajar wannan lambar yanzu, an koya mini da tsada. Na Juma'ar da ta wuce bai buɗe ba, na wadda ta gabace ta ma haka. Gobe Juma'a, na riga na shirya abin da zan ce.